Kwana Uku A Shango: Ajin Masu Fuskar Aro

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Na daɗe ina jin wannan magana, na kuma sha faɗa wa yara ita, amma ban taɓa zaton a gefen titin Minna zan je in tsinci labarin mutanen Italiya ba, balle in tsinci wani laifi nawa wanda na fi shekara hamsin ina ɗauke da shi ban sani ba.

Sanadin tafiyar kuwa wani tsohon abokina ne, wanda muka yi makarantar horon malamai tare. Da ya ajiye aiki sai ya zauna a Shango, ya ga zaman banza ba zai karɓe shi ba, ya shiga taimakon wata ƙungiyar ɗalibai masu sha'awar wasan kwaikwayo, yana koya musu kyauta a lokutan da ba su da darasi. Cikin hunturun da ya wuce ya bugo mini waya, ya ce, "Malam, in ka sami sarari ka zo ka ga yadda nake rufe wa 'ya'yan mutane fuska don su koyi buɗe baki." Na tambaye shi ma'anar wannan zance, ya ce gani ya kori ji. To, ranar wata Alhamis da sassafe na ɗauki 'yar jakata na nufi tasha.

HANYA DA UNGUWA

Wanda ya taso daga Kaduna, in ya iso mararrabar Dikko kusa da Suleja, sai ya saki hanyar Abuja ya kama ta Minna. Daga nan ƙasar Gbagyi ce, waɗanda mu Hausawa muke kira Gwari. Duwatsu ne jefi-jefi, da gonaki, da itatuwan mangwaro, ga kuma doya tsibi-tsibi a bakin hanya tun daga Lambata har Paiko. Kowace rumfa ka duba za ka ga mata sun sauke kaya suna ciniki, waɗansu kuma suna tafe da nasu a kafaɗa, don a al'adarsu ba a ɗora wa kai kaya. Bayan Paiko sai Chanchaga, in ka haye gadar koginta ka ɗan taɓa tafiya, to ka shigo Shango, kafin ka kai Tunga da cikin gari.

Shango unguwar ɗalibai ce. A nan mazaunin Kwalejin Ilmi ta Jihar Neja yake, wadda aka kafa a 1975 da sunan babbar kwalejin horon malamai, watau tun kafin a ƙirƙiro ita kanta jihar a watan Fabrairu na 1976. Saboda haka duk abin da ɗalibi yake bukata yana nan a jere: ɗakunan haya, da masu shayi, da masu ƙosai, da shagunan buga takardu, da 'yan acaba suna jiran wanda ya makara. In ka tsaya minti biyar wajen mai shayi za ka ji Gbagyi da Nufanci da Hausa da Kambarci da Yarabanci da Turancin kasuwa, wani lokaci ma a bakin mutum guda.

Wannan cakuɗa kuwa ba yau ta fara ba. Minna garin Gbagyi ne tun asali, an kuma ce sunan ya fito daga harshensu, ma'anarsa yaɗa wuta. Hanyar jirgin ƙasa ce ta buɗe garin. Dogon da aka shimfiɗa daga Baro zuwa Kano, wanda ya isa Kano a 1911, ta nan ya bi, daga baya kuma wanda ya taso daga Ikko ya zo ya haɗu da shi a nan. Jirgi ya jawo leburori da 'yan dako da akawuna da fatake daga kowace kusurwa. A wannan gari aka haifi marubucin nan Cyprian Ekwensi a 1921, haka kuma Ben Okri a 1959. Mai karatu ya riƙe zancen 'yan dakon nan, za mu komo kansa.

RANAR FARKO

Da la'asar abokina ya ja ni zuwa wani aji da aka ara musu a cikin unguwa. An tura kujeru jikin bango, an share tsakiya. Ɗalibai goma sha tara na ƙirga, bakwai mata, yawancinsu masu shirin zama malaman makaranta ne. A bisa tebur kuwa ga waɗansu fuskoki a jere: wata baƙa mai guntun hanci da ƙullutu a goshi, wata mai hanci kamar bakin shaho da farin gashin gira, wata kuma hancinta ya kusa kai taƙi guda. Kowace rabin fuska ce, tana rufe goshi da idanu da hanci, ta bar baki da haɓa a fili. Su ɗaliban suna ce musu fuskar aro, ni ma haka zan kira su.

A Italiya da fata ake yin su, a jiƙa ta a ɗame bisa sassaƙen itace. A Shango kuwa yumɓu suke samowa su gina siffar, in ta bushe su shafe ta da mai, su yi ta liƙa mata yagaggun tsofaffin jaridu da kunun sitaci har ta yi kauri, sa'an nan su ɓamɓare, su huda idanu, su shafa fenti, su ɗaura igiyar roba. Na juya ɗaya na leƙa cikinta, sai ga guntun labarin kasafin kuɗi ya zama hancin marowaci. Na ce wa abokina ashe rubutunmu yana da amfani ko bayan an gama karantawa.

Kafin a fara wani saurayi mai ɗan gemu ya ɗaga hannu. Sabon shiga ne. Ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan abu ba irin na dodanni ba ne? Ni a gidanmu in aka ji na sa shi akwai magana." Malam bai yi masa dariya ba. Ya ce masa, "Tambayarka tana kan hanya, samari. Dodo ana ɓoye wanda ke cikinsa, a ce ba mutum ba ne. Nan kuwa a gabanmu za ka sa, a gabanmu za ka cire, kowa ya san kai ne, ba a kuma roƙon kome wurinta. Ka taɓa yin tashe?" Yaro ya ce ya yi. "Ka sa gemun auduga?" Ya ce ya sa. Malam ya ce, "To, gemun audugan nan ne aka ƙara masa hanci. In zuciyarka ba ta kwanta ba, akwai masu fitowa da fuskarsu a buɗe, sai ka ɗauki ɗaya daga ciki." Yaron ya zaɓi ya yi kallo tukuna, ba wanda ya matsa masa.

Daga nan aka shiga aiki. Dokokin ajin uku ne. Ka juya wa jama'a baya in za ka sa fuska. In ka sa, hancinka ya riƙa komawa wajen 'yan kallo, don fuskar aro ba ta magana ta gefe. Na uku, tun da an rufe maka gira da kumatu, to ƙafa da kafaɗa da ƙugu su ne za su yi fushi su yi murna. Na ga wata yarinya, wadda da shigarmu ko gaisuwarta ba a ji sosai don kunya, ta sa fuskar marowaci, ta ranƙwafa, ta dafe aljihu da hannu biyu, tana 'yan gajerun taku kamar kaza a kan tsakuwa, ta daka wa ajin tsawa da wata murya wadda ita kanta sai da ta firgita. Malam ya raɗa mini, "Ka ga abin da nake gaya maka? Wannan nan da shekara guda za ta tsaya gaban yara saba'in. In ba ta sami muryarta a nan ba, ina za ta same ta?"

ASALIN WASAN

Da dare, muna cin sakwara, ya ba ni tarihin abin. Sunan wasan a harshensu komediya del arte, watau wasan ban dariya na masu sana'a, don su ne suka mai da wasan kwaikwayo hanyar cin abinci. Tsohuwar takardar da aka samu ta irin wannan ƙungiya an rubuta ta ne a birnin Padova ran 25 ga Fabrairu, 1545. Mutum takwas suka je gaban mai rubuta yarjejeniya, suka ɗaura alkawarin za su yi yawo tare suna wasa, su tara abin da suka samu a akwati guda, su sayi doki na ɗaukar kaya, wanda ya kwanta ciwo kuma a taimake shi daga cikin asusun. Cikin shekarun 1560 mata suka fara hawa dandamali tare da maza. Wadda ta fi shahara ita ce Isabella Andreini ta ƙungiyar Gelosi, mawaƙiya ce kuma, ta rasu a birnin Liyon na Faransa a 1604 tana kan hanyar komawa gida.

Ba sa haddace rubutaccen wasa. Ƙashin labarin kawai ake rubutawa a takarda a liƙa bayan labule: wane ya shigo, ya tarar da wance, suka yi faɗa, wane ya ɓuya. Maganar da za a faɗa kuwa, wannan ya rage ga ɗan wasa. Wani ɗan wasa mai suna Flaminio Scala ya buga irin waɗannan ƙasusuwan labari guda 50 a 1611. Abin da ya sa haka ta yiwu shi ne, kowane ɗan wasa mutum guda yake fitowa, sau da yawa har iyakar ransa, ya san tafiyarsa da tarinsa da ƙaryarsa.

Mutanen kuwa ga su. Akwai Fantalone, tsohon attajirin birnin Benis, ga rowa ga son auren yarinya. Akwai Dottore na Bolonya, garin tsohuwar jami'a, mai tumbi da dogon Latinanci marar kai. Akwai Kafitano, sojan baki, yawanci a kamannin mutumin Sifen, wanda ya ci birane dubu da harshe amma ɓera na motsi ya haye tebur. Akwai saurayi da budurwa masoya, su ba sa rufe fuska. Akwai Kolombina, kuyanga mai wayo. Sa'an nan ga barori maza, waɗanda ake kira zanni, babbansu a suna shi ne Arlakino, mai riga faci-faci da yunwar da ba ta ƙarewa, wanda in ya rasa abinci yakan kama ƙuda ya zauna ya ci shi a tsanake kamar ya sami kaza.

Wasan ya ƙetare Italiya ya shiga fadodin Turai. A Faris har zaure guda suka riƙa yin karɓa-karɓa da Molière. A 1697 Sarki Louis na 14 ya kore su, bisa zargin sun yi wa matar da ya aura a ɓoye habaici, ba su komo ba sai 1716, bayan ya mutu. Daga baya wasan ya yi sanyi, har sana'ar yin fuskokin ta kusa ɓacewa. A 1947 Giorgio Strehler ya tashe shi a Milan da wasan Carlo Goldoni na baran da ya kama aiki wurin iyayen gida biyu don ya ci tuwo sau biyu, wani mai sassaƙa kuma, Amleto Sartori na Padova, ya sake gano yadda ake yin fuskar da fata. Ferruccio Soleri ya fi shekara 50 yana fitowa a Arlakino a wannan wasa, har ya haura tamanin yana tsalle.

Ina saurare ina murmushi, don duk na san mutanen nan. Fantalone ai shi ne Tsoho da Gemu na tashe in ya yi kuɗi. Dottore ɗan'uwan Jatau Mai Magani ne, ko kuwa malamin da 'yan kama suke kwaikwayo, su ɗauko karatu da murya mai nauyi su ƙare shi a kan tuwo da miya. Wanda kuma ya ga marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, yana fitowa a Samanja Mazan Fama, ya san yadda ake mai da hargagin bariki abin dariya. Ko yin wasa ba rubutu ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun tsakiyar shekarun 1970, lokacin da Michael Etherton da abokan aikinsa suka fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ɗalibai sukan shiga Samaru da ƙauyuka su ji kukan jama'a, su gina wasa a kai ba tare da rubuta kowace kalma ba. Na ce wa abokina, "To, in haka ne, me ya kai ka Italiya neman abin da ke bayan ɗakinka?" Ya ce, "In na ce musu tashe za mu yi, sai su ce na yara ne. In na ce daga Italiya ya zo, sai su zo da littafin rubutu. In sun gama rubutawa, su da kansu suke cewa, ashe tashe ne."

RANAR DA DARIYA TA TSINKE

Ran Jumma'a bayan an sauko daga masallaci aka gwada labarin da suka shirya. An mai da kome na gida. Fantalone ya zama Alhaji mai gidajen haya, yana neman auren yarinyar da ɗansa yake so. Dottore ya zama wani mai kiran kansa Dakta, Kafitano ya zama maigadi mai tsohuwar kakin soja, Arlakino kuwa ɗan dako ne a kasuwar doya wanda Alhaji ya ɗauka aiki ba albashi.

Wani Bakano mai barkwanci ne ya sa baƙar fuskar. Yaron gwani ne, ba shakka. Ya shigo da ƙwarya a kafaɗa, ya karkace wuya, ya buɗe baki ya kama Hausa yana karya ta irin yadda ake kwaikwayon Gwari, namiji ya koma mace, mace ta koma namiji. Aji ya fashe da dariya, ni kuwa har da buga ƙafa. Sai da na share hawaye na lura kusurwa guda ba a dariya. Ɗalibai biyar ne, sun sunkuyar da kai. Ɗaya daga cikinsu, wata yarinya doguwa, ta miƙe ta ce, "Malam, a gafarce ni. Ƙwaryar nan da ya ɗauka a kafaɗa, haka uwata take ɗaukar doya zuwa kasuwa, da kuɗin ne kuma nake zaune a ajin nan. Hausar da yake yi, haka take yin ta. Ita tana jin harshe uku. Shi nawa yake ji?"

Ajin ya yi tsit. Bakanon ya cire fuska, gumi na zuba, ya ce wallahi bai yi da nufin cin mutunci ba. Ya kuma kawo hujja mai ƙarfi. Ya ce ai Malam da kansa ya gaya musu a Italiya kowa da karin harshen garinsu yake magana, Arlakino kuma baƙauye ne daga duwatsun Bergamo. Wani Banufe ya sa baki, ya nuna ni ya ce, "Ga Baba nan Bakatsine ne, tun jiya nake tsokanarsa yana ramawa, wa ya yi fushi?" Yarinyar ta ce, "Kai ka faɗa da bakinka, yana ramawa. Mu a wane wasa aka taɓa ba mu fili muka rama? Kullum mu ne masu ɗaukar kaya, ku ne masu aike."

Malam ya bar su suka yi ta yi har suka gaji, sa'an nan ya ce duka biyu suna da gaskiya. Ya ce ba zai wanke Italiyawa ba: zanni asalinsu talakawan ƙauye ne da yunwa ta koro daga duwatsu suka gangaro Benis suna dako a bakin jiragen ruwa, mutanen birni kuma da farko dariyar raini suke yi musu, kamar dai yadda ake yi wa duk wanda ya sauka a tasha da ƙunshin kayansa. Amma abu biyu suka hana wasan ya tsaya nan. Na farko, ba wanda aka ƙyale: attajirin Benis ana tozarta shi da harshen Benis a gaban mutanen Benis, malamin Bolonya da na Bolonya. Na biyu, a hankali baran ya zama shi ne zuciyar wasan, shi 'yan kallo suke jira, gefensa suke tsayawa, har aka kai ga sunansa ne a kan takardar talla. Ya ƙara da cewa a 1993, a birnin Rabenna, Marco Martinelli ya shirya wasa inda wani ɗan Senegal, Mor Awa Niang, ya fito a Arlakino, baƙo ɗan ci-rani a Italiya, don a zamanin nan su ne masu saukowa birni da yunwa. Daga nan ya ce, "Ba zan yanke muku hukunci ba. Fuskar tana kan tebur. Ku je ku kwana da ita, gobe ku nuna mini."

A daren nan barci bai zo mini da wuri ba. Na tuna ina ɗan shekara goma a Katsina, cikin watan azumi, na sa tsumma na ɗora ƙwarya a kafaɗa muna bin gidaje, ina wannan irin magana ana ba mu hatsi da kwabo. A lokacin ko Bagwari guda ban taɓa gani ba. Na kuma tuna kalmar nan tamu, gwaranci, wadda muke faɗa wa maganar jariri da ta wanda bai iya harshe ba, ba mu ko tuna cewa sunan waɗansu mutane ne muka ara. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

RANAR ASABAR

Da hantsi aka sake taruwa, yaran unguwa sun cika tagogi, har da waɗansu mata da suka ajiye tallansu a bakin ƙofa. Ashe ɗaliban sun yi zamansu da dare ba da Malam ba. Bakanon ya koma Alhaji. Baƙar fuskar kuwa wani siririn saurayi ne Bagbagyi ya sa, ɗaya daga cikin biyar ɗin jiya, yarinyar nan doguwa ta zama kuyanga.

Ya shigo da ƙwaryarsa a kafaɗa, ya durƙusa gaban Alhaji, ya kama karyayyar Hausar nan, har ma ta fi ta jiya karyewa. Na ce a raina, to, me aka gyara? Alhaji ya aike shi da wasiƙa da kuɗin toshi gidan yarinya, yana nanata masa saƙon sau uku kamar mai magana da kurma. Alhaji na juya baya sai yaron ya miƙe tsaye, ya juyo da hancinsa wajenmu, ya maimaita saƙon kalma bayan kalma da Hausa tsantsa, da muryar Alhaji da tarinsa, har da karin maganar da Alhajin ya faɗa ba daidai ba, ya gyara masa. Watau karyayyar Hausar ita ma fuskar aro ce, ya sa ta ne don mai gida ya saki baki a gabansa.

Da kuyanga ta shigo sai suka juya harshe zuwa Gbagyi, suna ƙulla yadda za su karkatar da toshin zuwa ga ɗan Alhaji. Nan fa matan bakin ƙofa suka kece da dariya, ɗaya har da riƙe ciki, yaran taga suna tsalle. Ni kuwa ina zaune kamar an dasa ni, ina duban bakin wannan in dubi na wancan, ina murmushin da ban san dalilinsa ba. Alhaji ya leƙo ya tambaya, "Me kuke cewa?" Yaron ya faɗi ƙasa ya ce addu'a suke yi masa. Sai a nan na sami abin da zan yi wa dariya, a bayan kowa. Banufen nan ya matso ya raɗa mini, "Baba, yau wa ke gwaranci?" Na ce masa wanzami ba ya son jarfa, amma yau na sha ta.

A ƙarshen wasan Dakta ya ɗaura auren da ba shi aka kira shi ya ɗaura ba, maigadi ya gudu ya bar takalmi ɗaya saboda kyanwa, Alhaji ya biya sadakin ɗansa da hannunsa bai sani ba, ɗan dako kuma ya zauna tsakiyar fili ya cinye tuwon biki kwano biyu. Saurayin nan mai gemu, wanda ya ce zai yi kallo tukuna, shi ya fito a ɗan Alhaji, fuskarsa a buɗe. Da aka gama kowa ya juya baya ya cire fuskarsa, suka jeru suka gaida jama'a, Bakano da Bagbagyi kafaɗa da kafaɗa, fenti ya ɓata musu goshi.

Ba zan ce wasa guda ya wanke abin da ya daɗe a bakunanmu ba. Bakanon ma da muka yi sallama ya ce mini har yanzu yana ganin nasa ya fi ban dariya, yarinyar kuma ta ce sai ta ga irin wannan a talabijin za ta yarda an soma gyara. Amma waɗannan yara malamai za su zama. Za a tura su Kagara da Lapai da Kontagora da Kuta, inda aji guda yake haɗa 'ya'yan ƙabila huɗu ko biyar, kuma ranar da yara za su fashe da dariya saboda wani ya karya Hausa ko Turanci, malamin da ke tsaye gaban allo shi zai nuna musu inda dariya ta halatta. Rowa da cika baki da ƙaryar ilmi ba su da ƙabila, kowane gari da nasa Alhajin da nasa Daktan, a yi musu dariya har a gaji. Harshen uwar wani kuwa, in za a taɓa shi, to a bar mai shi ya riƙe fuskar, a kuma ba shi fili ya rama.

Ina roƙon masu tsara karatun malamai su dubi wannan hanya, don ba ta bukatar kome sai yumɓu da tsohuwar jarida da malami mai haƙuri. In sun ga Italiya ta yi nisa, ga tashe nan da 'yan kama a ƙofar gida.

Ran Lahadi abokina ya rako ni bakin titi. Kafin mota ta cika, yarinyar nan doguwa ta iso da doya uku a ɗaure, ta ce in ji uwarta a kai wa iyali. Na sa hannu zan ɗora a ka, sai na ga tana dubana tana murmushi. Na saɓa a kafaɗa. Nauyin kuwa, mai karatu, ya fi yadda nake kwaikwayonsa ina yaro. Allah ya saka musu da alheri, ya kuma ba mu ikon ganin namu tudun.